A Tuna Da Jimeta

'Yan'uwa mazauna Kurmi, daga Agege har Sabon Ibadan, a tuna da Jimeta. A watan Oktoba 2014, da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, dubban jama'a suka kwararo Yola da Jimeta. Yawancinsu ba a sansanin gwamnati suka sauka ba, a gidajen talakawa ne. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, uwargida ta ƙara ruwa a miya. Ba wanda ya jira nisabi.

To, mu da ke tara kuɗi a nan fa? Zakka ɗaya ce cikin arba'in, amma wani sai ya ɓoye lissafi, ya kwana yana juyi, barci ya gagara. Bana, kafin a aika kuɗin bulo gida, a fara tambaya: wa ke kwana da yunwa a unguwarmu?