Kafin ka kama shago a Katsina: don kwastoma ne ko don hoto?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka lura da wani abu da ya zama yayi a sitatus ɗin matasan Katsina? Mutum ya fara 'yar sana'a, watanni uku bai cika ba, sai ka ga hoton makulli a tafin hannu, an rubuta "Alhamdulillah, mun kama ofis". A yi ta sa albarka, a yi ta tura hoton wuta da zuciya. Shekara na zagayowa sai ka bi ta wurin ka tarar an sauke allon, wani ya ɗora nashi. Wannan hoton na biyu ba wanda yake sawa a sitatus.

Ni ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: yawancinmu muna zaɓen wuri ne da idon masu kallonmu, ba da ƙafar masu sayen kayanmu ba. Kuma kuɗin da ake ƙonawa a wannan harka ba na banza ba ne. Adashin Mama ne, ko ragon da Baba ya sayar, ko alawus ɗin bautar ƙasa da yaya ya tara.

Fara da tambaya ɗaya: ta ina kwastomanka yake zuwa maka? Idan turare kike sayarwa, ko atamfa, ko kek, kuma kusan duk odarki ta WhatsApp da Instagram take shigowa, ɗan acaɓa ya kai wa mai ita har ƙofar gida, to me shago a bakin titin IBB zai ƙara maki? Wurin ajiya kike buƙata, mai tsaro, wanda ruwa ba ya shiga, ko da a cikin lungu yake. Amma mai POS, mai cajin waya, mai aski, mai buga takardu, su kam sana'arsu ta masu tafiya a ƙasa ce, dole su je inda mutane suke tsayawa. Ka lura na ce tsayawa, ban ce wucewa ba. Tun da aka buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura a farkon 2023 motoci sun samu sauƙin wucewa, abin a yaba ne, sai dai motar da ta wuce a guje ba ta sayen komai. Titi mai cunkoso wanda babu inda mutum zai ajiye babur ɗinsa, kallo kawai za ka sha.

Haka ma masu cewa "ai kusa da makaranta ya fi". Gaskiya ne hanyar Dutsin-Ma akwai ɗalibai: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Amma mu ɗalibai kwastomomi ne masu hutu. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma mai gini ba ya tafiya yajin aiki. Idan za ka kama a can, ka lissafa kuɗin shekara cikakkiya a kan cinikin da ba na shekara cikakkiya ba.

Yanzu mu zo kan lissafin da ba mu son yi. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, an ce maka shago Naira 600,000 a shekara. Dillali zai karɓi la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin 100, 60,000 ke nan. Fenti, kanta, ƙofar ƙarfe, wayarin, allo, ka ce 140,000 in ka yi tsimi. Ka tashi a 800,000 ba ka sayi kaya ko na sisi ba. Raba ta a kan kwana 300 na aiki, kusan Naira 2,700 ke nan kullum. Idan ribarka a kan kowane kwastoma 200 ce, mutum 14 na farko da suka shigo kowace rana ba naka ba ne, na ɗakin ne. Ranar da aka yini ana ruwa, ranar da netiwok ya ɗauke, ranar da ka tafi jana'iza, duk wannan 2,700 tana nan tana jiranka.

Ban ma sa wuta a ciki ba, alhali wuta ce haya ta biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareto ya daina zama abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai yini yana kunnawa. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga farashin masu layin Band A zuwa Naira 225 kan kowane yunit, daga ƙasa da 70. Saboda haka kada ka tambayi dillali ko ana samun wuta, zai ce maka "ai nan ba a ɗaukewa", aikinsa ke nan. Je ka da kanka da azahar, ka koma bayan magariba, ka zauna wurin mai shayi ko telan da ke maƙwabtaka, ka tambaye su awa nawa KEDCO ke ba su, kuma yaushe rabon da transfomar unguwar ta lalace. Ka duba mita: taka ce kai kaɗai, ko shago takwas ne a kan guda, har da mai walda? Akwai tsohon bashi a kanta? Mai ginin zai bar ka ka ɗora sola a rufi? Amsar waɗannan tambayoyin ta fi launin tayil muhimmanci nesa ba kusa ba.

Ka kuma ɗaga kai ka kalli wayarin ɗin da kyau. Duk ɗan Katsina yana tuna gobarar Babbar Kasuwa ta watan Maris na 2021 da irin dukiyar da ta tafi a safiya guda. Wayoyi a harhaɗe kamar taliya a saman silin ba abin da za ka ce "Allah Ya tsare" ka wuce ba ne, a gyara kafin ka biya.

Sai maganar takarda, inda kunyarmu take cutar da mu. "Ai Alhaji abokin Baba ne, ba sai an rubuta ba." To ranar da Alhaji ya sayar da ginin fa, ko magada suka zo rabo? A rubuta kuɗin, da ranar shiga, da ranar ƙarewa, da wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, da ko za a cire maka kuɗin gyaran da ka yi daga haya, da watanni nawa za a ba ka kafin a ƙara kuɗi ko a ce ka tashi. Shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi rasit. Ka tabbatar wanda ka ba kuɗin shi ne mai wurin ko wakilinsa na gaske, don ba yau aka fara ba mutum biyu hayar shago ɗaya ba. Idan kwantena ce ko rumfa a bakin titi, ka bincika ko hukumar tsara birane ta san da zamanta. Ana ta faɗaɗa titunan cikin gari, kuma in aiki ya biyo ta kan gini, diyya mai gini ake nema da ita, ba ɗan hayar da ya zuba tayil da kuɗinsa ba.

Na san abin da wasu za su ce: ba ka da ofis, ba a ɗaukarka da daraja, kuma CAC na neman adireshi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mai zanen gini ko mai koyar da kwamfuta yana buƙatar inda zai zaunar da baƙo. Amma adireshi ake nema wurin rajista, ba filaza mai gilashi ba. Ɗaki a sama ya fi na ƙasa araha a yawancin benaye, kuma ga wanda ake zuwa wurinsa da alƙawari, hawa matakala ba matsala ba ce. Ku biyu ko uku ma za ku iya haɗuwa, mai ɗaukar hoto, mai zane a kwamfuta da mai buga kati, ku raba haya da sola, kwastoman ɗaya ya zama na sauran. Sharaɗi dai shi ne ku ma ku rubuta a tsakaninku wa zai biya me, da abin da za a yi in ɗayanku ya samu aiki a Abuja a tsakiyar shekara.