Ku Matsa Masa Ya Shiga Layi

A unguwarmu a Nasarawa Burkullu akwai wani yaro ɗan shekara takwas. Idan yara suka taso daga Islamiyya suka hau langa, shi yana jikin katanga yana jera marafan kwalba, ja a gefe, kore a gefe. Ka kira sunansa, ba zai ɗago ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce dalma ce, tunda har yau ba a manta da gubar 2010 da ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum ba. Sai da aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware aka ce galahanga ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. To ku lissafa yaran firamaren garinku.

Ni ra'ayina, abin da ya fi cutar irin wannan yaro a wajenmu shi ne kaɗaici. Jiran layi, kallon abokin wasa, haƙuri idan an cinye ka, duk a dandali muka koye su, babu wanda ya zaunar da mu ya karantar. Shi kuwa sai an nuna masa daki-daki. Ga shi dandalin ma rashin tsaro ya kashe shi. Wa zai bar ɗansa wasan farin wata yanzu? Abin da ya rage shi ne ɗan lokacin nan tsakanin la'asar da magariba.

A hutun da ya wuce na gwada. Na tara yara huɗu kawai a zaurenmu, kullum lokaci ɗaya, wuri ɗaya, don sauyi yana rikita shi. Ban fara da langa ba, ihu da ture-ture sun yi masa yawa. Carafke muka fara, sannan dara, saboda dokarsu a fili take: kai, sai ni, sai shi. Kwanakin farko kwashe duwatsun yake yi ya tafi abinsa. Wallahi na kusa haƙura. Ran nan sai ya miƙa wa na kusa da shi dutse ba tare da an ce masa komai ba. Ya ƙware a dara kuwa, har ni yana cinyewa.

Za a ce mu ba likitoci ba ne. Gaskiya ne, kuma wasa ba ya warkar da galahanga, kar wani ya yi wa iyaye wannan alƙawarin. Amma wahalar ma ba ta wajen yaron ba ce, ta sauran yaran ce, sai ka hana su kiransa da sunan banza, ka hana su sake hanawa.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta ware zama ɗaya kafin 2 ga Afrilu, Ranar Galahanga ta Duniya, a gayyato ma'aikacin lafiya ya nuna mana alamomi da yadda ake haɗa irin wannan wasan, kafin kowa ya koma garinsu hutu. Kuɗin ba zai kai na lemon da ake rabawa ranar rantsar da shugabanni ba.