Ƙurar da ido ba ya gani ita ke makantar da ido

Ranar asabar a fadarmu, muna jiran shayi na biyu, wani abokin aikina ya zaro kwalbar maganin ɗigawa a ido. Apolo ta kama ɗiyarsa, ya sayo shi dala sittin wurin mai tire a bakin tasha. Na ce ya yar. Ya yi dariya ya ce: "Haba mushe, duk ruwa ɗaya ne, kuɗin kwali kawai kake biya a farmasi." Malamin lakwal ne fa, mai koyar da ƴaƴan mutane. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ba ruwa ɗaya ba ne. Maganin ido da na allura ba a ɗura su sai a ɗaki na musamman, wanda ake tace iskarsa da matatar HEPA, mai kama kashi 99,97 cikin ɗari na ƙura mai girman mikron 0,3. Kaurin gashin kanmu kusan mikron 70 ne, sai ku kwatanta. A ma'aunin ISO 14644, wurin da ake cika kwalba bai kamata ya wuce ƙwayar ƙura 3.520 a kowace mita kubik ta iska ba, alhali iskar ɗaki irin namu tana ɗauke da miliyoyi, ko ba lokacin hunturu ba. Ana sa ƙarfin iskar ciki ya fi na waje, don in an buɗe ƙofa ta tunkuɗa waje, kada ta shigo. Babban mai kawo dauɗa kuwa mutum ne, da fatarsa da gashinsa da numfashinsa. Don haka ma'aikaci ke rufe jiki ruf, ba kwalliya, ba agogo, tafiya ma a hankali. Wannan wahalar ce kuɗin da abokina ke kira na kwali.

In aka yi sakaci fa? A 2023, aka gano cewa maganin ido mai suna EzriCare, wanda aka yi a wata masana'anta a ƙasar Indiya, ya shiga Amurka ɗauke da ƙwayar cutar Pseudomonas wadda ba ta jin magani. Mutum 81 suka kamu a jihohi 18. Huɗu suka mutu, 14 suka rasa gani, huɗu sai da aka cire musu ƙwayar ido. Ruwan kuwa garau yake a ido.

Na san abin da za ku ce: ai ga shi ko a Amurka an sha. Gaskiya ne. Amma can an bi sawu har masana'antar, aka janye maganin daga kasuwa. Kwalbar da ta wuni cikin ranar Maradi a kan tire, ba a san wanda ya yi ta ba balle wanda ya shigo da ita, wa zai bi sawunta? In yarinya ta makance, sai a ce ƙaddara.

Ban raina talauci ba, ni ma albashina ba ya kai ƙarshen wata. Amma araha ba ta ado. Hukuma ta riƙa tambayar duk mai shigo da magani shaidar tsaftar masana'antar da ta yi shi. Mu kuma malamai mu daina yaɗa jahilci a fada.

Abokina ya maida kwalbar aljihu. Litinin zan tambaye shi idon yarinyar.