Martani Ga Masu Cewa Ƙadangare Mai Zanko Tatsuniya Ce

Malamin kimiyya a ƙasar Kazaure, ko a Roni yake ko a Gwiwa, yakan sha zargi idan ya nuna wa yara hoton teranodon, dabbar nan mai fiffike da dogon zanko a ƙeya. Zargin ya kai a tanka masa, domin yana sa malami jin nauyin koyar da abin da yake gaskiya.

An ce wai masu shirya fim ne suka ƙirƙiro ta. Ina fim a 1876? A shekarar ne Othniel Marsh ya raɗa mata suna, bayan an tono ƙasusuwanta daga dutsen alli na jihar Kansas a Amurka. Zuwa yau an samu burbushinta fiye da 1,000. Danginta kuwa tun 1784 aka yi bayanin ɗaya da aka ciro daga dutse a Jamus.

An ce tsuntsu ne ko jemage aka zuguguta. Ƙashi ya raba wannan gardama. Tsuntsu da gashin fiffike yake tashi, jemage kuma a kan yatsu huɗu yake shimfiɗa fatarsa. Ita wannan yatsa guda ne, na huɗu, ya miƙe ya ɗauki fatar gaba ɗaya. Manyan cikinsu idan sun buɗe fiffike sukan kai mita 6. Ba su da haƙori ko ɗaya, kifi suke ci. Zankon ma ƙashi ne, na namiji ya fi girma, shi ya sa masana suke ganin ado ne na jan hankalin mace, kamar na zakara.

Masu cewa koyar da wannan ya saɓa wa addini, ban ga inda suka dosa ba. Wanda ya duba ƙashi ya ce ga wata halitta da ta rayu ta shuɗe, bai musanta Mahaliccinta ba.

Zargin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa: in gaskiya ne, me ya sa duk fasa dutsen da ake yi a Kazaure da Roni ba a taɓa cin karo da ita ba? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Duwatsunmu sun haura shekara miliyan 500, sun girmi wannan dabba nesa ba kusa ba, ga shi zafi da matsi na cikin ƙasa sun gasa su tun fil azal. Rairayin da ya lulluɓe wajen Babura kuma ya zo a makare, domin zuriyarta ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Ƙashi yana tsira ne a inda laka ko yashin kogi ya binne shi a zamaninsa, ya daskare a hankali.

Irin wannan ƙasa ba ta yi mana nisa ba. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta jihar Agadas, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya samu ƙashin fiffiken wata 'yar wannan dangi, mai shekara kusan miliyan 110. A jihar Sakkwato kuma an tono ƙadangaren teku wanda har sunan Goronyo aka sa masa, Goronyosaurus, shaidar cewa teku ya taɓa ratsa wurin. Wanda yake da fasfo, ya shiga mota zuwa Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama yana nan da ƙasusuwan dabbobin dā na Nijar a tsaye. Ya je ya auna da idonsa, sannan ya dawo mu ci gaba da gardamar.