Hannu Ma Malami Ne

Akwai wani aji a makaranta wanda manyan yara su kan raina. Shi ne ajin share fage, inda a ke tara ƙananan yara kafin su isa shiga aji ɗaya. Wanda ya leƙa cikinsa ba zai ga littattafai da yawa ba. Sai dai ya ga wannan yana cuɗa yumɓu, wannan yana jera 'ya'yan tsamiya, waccan kuwa tana ɗiban ruwa da ludayi tana zubawa cikin ƙwarya. Ɗan aji biyar ya kan yi tsaki ya ce, "Waɗannan ai wasa su ke yi." Har cikin iyaye ma akwai masu cewa, "Ba mu kai yaro makaranta don ya komo da taɓo a riga ba. A koya masa baƙaƙe."

Masu wannan magana alheri su ke nufi, amma sun yi kuskure. Ƙaramin yaro da hannunsa ya ke fara sanin duniya. Yaro ɗan shekara huɗu ya kan iya rera ƙirga daga ɗaya har ashirin kamar waƙa, amma in an ce ya ɗebo gyaɗa biyar, sai ya cika hannu ya kawo. Sunan biyar ya sani, bai san biyar ɗin ba. Ranar da ya ɗauki gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, ya jera ta a ƙasa, ya ci biyu ya ga saura uku, ran nan ne lissafi ya shiga kansa. Gani ya kori ji, in ji Hausawa. Ga ƙaramin yaro kuwa, taɓawa ta fi gani.

Masana sun daɗe da gane haka. A shekarar 1840 wani malami a ƙasar Jamus, mai suna Friedrich Froebel, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara wani suna wanda ma'anarsa ita ce Lambun Yara. Ya ba su ƙwallayen zare masu launi dabam dabam, da 'yan guntayen katako na yin gini, ya kuma yanka musu 'yan gonaki su yi shuka.

Bayansa aka yi wata likita a ƙasar Italiya, sunanta Maria Montessori. Ran 6 ga Janairu, 1907, ta buɗe wani aji a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum. Yaran kimanin 50 ne. Iyayensu su kan fita aiki tun da safe, su bar su suna gararamba, suna ɓata bangon gida. Ta sa aka ƙera musu ƙananan tebura da kujeru marasa nauyi, waɗanda yaro zai iya ɗauka da kansa. Aka koya musu shara, da wanke hannu, da sa maɓallin riga, da ba shuka ruwa. Aka ba su guntayen katako guda goma, wani ya fi wani girma, su ɗora su bisa juna har su zama hasumiya. In yaro ya ɗora babba bisa ƙarami, da idonsa zai ga ginin ya karkace, ya gyara da kansa ba tare da an tsawata masa ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda suka koyi rubutu. Likitar ta sa aka yanka baƙaƙe daga takarda mai kaushi, irin wadda kafintoci ke goge katako da ita, aka manna su a kan kwali. Yaro ya kan bi baƙi da yatsunsa, yana jin kaushinsa, yana faɗin sautinsa. Kafin shekarar ta ƙare, sai ga 'yan shekara huɗu da biyar sun ɗauki alli suna rubuta kalmomi, waɗansu har a kan daɓe da ƙofofi don murna. Yatsunsu sun riga sun san hanyar baƙaƙen tun kafin su riƙe alli. Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ba a zaunar da ɗan maƙeri a karanta masa yadda a ke ƙera fartanya. Zuga-zugi a ke fara ba shi, sannu a hankali har ya riƙe masaba. Yarinya da 'yar tukunyar wasa ta ke fara girki. Yaron da ya fere karan dawa ya yi mota, dole ya gwada tsawon kara da kara, ya daidaita ƙafafun, in ba haka ba motar ba za ta tafi ba. Awo ke nan ya koya, ko da ya ke ba wanda ya gaya masa sunansa. Da rarrafe yaro kan tashi.

Haka al'amarin ya ke a ajin share fage. Cuɗa yumɓu da zura zare cikin duwatsun ado su ne ke ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir gobe. Mai zuba ruwa tana ƙirga ludayi nawa ne zai cika ƙwarya. Wanda ya jefa tsakuwa da ɓawon gyaɗa cikin ruwa ya ga ɗaya ta nutse, ɗaya yana yawo a sama, sai ya tambayi dalili, tambaya kuwa ita ce mabuɗin ilimi. Wanda ya shuka wake cikin gwangwani ya kan koyi haƙuri, gama tilas ya jira 'yan kwanaki kafin ya ga tsiro.

Amma fa masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya. In aka zuba wa yara kaya aka juya musu baya, hayaniya ce za a samu, ba ilimi ba. Wajibi ne malama ta san abin da ta ke so kowane aiki ya koyar. Ta nuna sau ɗaya a tsanake, sa'an nan ta bar yaro ya gwada, kada ta karɓe masa don ya yi jinkiri. Ta kuma sa ido ƙwarai, domin ƙaramin yaro ya kan cusa ƙwayar wake a hanci ko a kunne. In an gama, kowa ya mayar da kaya mazauninsu, ya wanke hannu.

Waɗansu kuma su kan ce irin wannan aji sai masu kuɗi. Ba haka ba ne. Yumɓu yana bakin rafi, kara yana gona, ga yashi, ga marafan kwalba, ga tsofaffin kwalaye. Nan ne manyan yara za su yi amfani. Maimakon su yi wa ƙannensu dariya, sai su taimaki malama da tara waɗannan abubuwa, su wanke su, su kawo. In ƙanen mutum ya komo gida da 'yar saniyar yumɓu, kada a jefar da ita. A tambaye shi ƙafafunta nawa, a bar shi ya ƙirga da yatsa.

Riga in ta ɓaci, sabulu ya wanke ta. Amma yaron da aka hana shi taɓa kome, aka tilasta masa haddar abin da bai gane ba, ya kan tashi yana tsoron makaranta, wannan kuwa wuyar wankewa gare shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin rera ƙirga da sanin ƙirga?
2. A wace ƙasa Maria Montessori ta buɗe ajinta, kuma a wace shekara?
3. Yaya yaran ajin nan suka koyi baƙaƙe?
4. Faɗi abubuwa huɗu da za a iya tara wa ajin share fage ba da kuɗi ba.