Ladi Kwali da Matan Ɗakin Gwari

Kafin a raɗa wa babban birnin tarayya suna Abuja, akwai wata Abujar da ta riga ta: garin sarauta da yanzu muke kira Suleja, a Jihar Neja. A gidan Sarkin wancan gari, Alhaji Sulaimanu Barau, aka jera wasu randuna da ba a zuba musu ruwa. Sarki ya saye su ne don kyansu. Wajen 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka don bunƙasa ginin tukwane, ya gan su ya tsaya cak. Ya tambayi wa ya gina su, aka ce masa wata mata ce daga Kwali, sunanta Ladi.

An haifi Ladi wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, wato Gwari, wadda yau take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya. Ba ta shiga aji ba ko na yini ɗaya. Makarantarta ita ce gindin wata daga cikin iyayenta mata, wadda ta koya mata sana'ar tun tana ƙarama. A can ginin tukunya aikin mata ne, kuma aiki ne mai cin jiki: a haƙo yumɓu, a ɗauko shi a kafaɗa, a jiƙa, a kwaɓa, a tsince tsakuwa. Ba na'urar juyi. Maginiya ce ke zagaya tukunyar tana sunkuye, tana jan yumɓun sama da hannu, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu zobe kan zobe har cikin randa ya fito. Sai ta lailaye da ɓawon katantanwa ko sakaina. Kafin ta bushe, sai a zana mata ado: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Daga nan a jera a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta. Wadda ta fashe ta fashe, wahalar kwanaki ta tafi a banza. Wadda ta tsira a kai kasuwa a sayar da arha, mai saye yana ƙwanƙwasa ta yana neman aibu don ya rage kuɗi.

Talauci wahala ce, rashin boko ma wahala ce, amma wahalar da ta fi su nauyi ita ce raini. Mace ce, 'yar ƙauye, daga ƙabilar da mutanen birni suka daɗe suna yi wa kallon baya, tana kuma sana'ar da ake ganin ta marasa abin yi ce. Ko cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, maza ta fara ɗauka, domin a lissafin zamanin ci gaba yana ga na'ura, na'ura kuma ta maza ce. A 1954 Ladi ta shiga, ita kaɗai mace a cikinsu.

Abin da ta yi a can shi ne zuciyar labarin. Ta koyi juya na'ura, ta koyi shafa ruwan ƙyalli, ta koyi gashi a murhun da zafinsa ya wuce na ciyawa nesa ba kusa ba. Ta yi kwanoni da kofuna da butoci. Amma ba ta yar da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, da zanen kadanta da hawainiyarta, sai dai yanzu ana gasa su irin gashin zamani. Wannan ya sauya aikinsu. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa. Wadda aka shafe da ƙyalli ta yi nauyi, ba ta tsattsafo, ta tashi daga kayan madafi ta koma kayan kallo. Irin waɗannan randunan ne aka baje a London a 1958 da 1959 da 1962, masu saye suna rububi. Ladi ta je Turai, a 1972 kuma ta zagaya Amurka, tana gini a gaban malamai da ɗaliban manyan makarantu. Waɗanda suka yi shekaru suna karanta littattafan fasaha suka zauna suna kallon hannun matar da ba ta karanta ko ɗaya ba.

Girmamawa ta biyo baya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda ake bai wa zaƙaƙurai a fagen ilimi da fasaha, sai lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, kafin gwamnati ta tare a 1991 a sabon birnin da aka gina a ƙasar kakanninta. Yau akwai titi da sunanta a Wuse, kuma tun 2007 hotonta yana bayan takardar naira 20, tana sunkuye kan tukunya.

Sai dai Ladi ba ita kaɗai ba ce, kuma a nan ne waiwayenmu yakan tsaya da wuri. Ƙofar da ta buɗe, wasu sun bi ta. Kafin Cardew ya bar cibiyar a 1965, mata huɗu sun shiga: Halima Audu, Lami Toto, Asibi Ido da Kande Ushafa. A wani ɗaki na cibiyar suke gina manyan randuna da hannu, ɗakin da suke kira Ɗakin Gwari. Tukwanensu suna hannun masu tara kayan fasaha a ƙasashen waje, ana cinikinsu da tsada, amma a gida da wuya ka ji an ambaci sunan ɗaya daga cikinsu. Dubi bayan naira 10: matan Fulani biyu ne ɗauke da ƙwaryar nono, ba suna, ba gari. Haka tarihinmu ya saba yi wa mata masu aikin hannu. Yana amfana da guminsu, ya adana siffarsu, ya zubar da sunansu.

Ladi ta tsira daga wannan mantuwa ne saboda baiwarta da naciyarta, amma kuma saboda an samu mutum mai faɗa a ji da ya kalli aikinta da idon daraja tun duniya ba ta san ta ba. Sarki Sulaimanu Barau bai jira Bature ya gaya masa randar tana da kyau ba. Shi ya fara gani, Bature ya gani a gidansa.

Wannan dama tana hannunmu har yau. A Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a 2000, mata suna nan suna ginin tukwane, robobi kuma suna ta cinye musu kasuwa. Idan ka je saye, tambayi mai ginin sunanta da sunan wadda ta koya mata, kuma kada ka yi mata tayin wulaƙanci. Malaman makarantun Abuja su kai ɗalibai su ga yadda ake yi, su rubuta abin da tsofaffin suka sani tun suna raye. Iyaye kuma, idan 'yarku ta nuna hannu a wata sana'a, ku sa ta makaranta, amma kada ku ce mata sai ta wanke hannu daga yumɓu za ta zama mutum. Ladi ta karɓi sabon ilimi da hannu biyu ba tare da ta ji kunyar tsohon ba, kuma tsohon ne ya kai ta inda ta kai.