LABARUN DUNIYA: Gonakin da suka zama fagen fama

Labarin wannan wata daga ƙasar Amurka ya fito. Labari ne na faɗan wuni guda, da abin da ya bari cikin gonakin mutane. An ce gani ya kori ji. Don haka labarin zai bi takardun da ganau suka bari, ba zancen jiyau ba.

Mafarin zance

Daga shekara ta 1861 zuwa 1865 mutanen Amurka sun yi yaƙin basasa. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle, don suna son su ci gaba da riƙon bayi baƙar fata. Arewa ta ce ƙasa ba za ta rabu ba.

Ran 17 ga watan Satumba 1862 rundunonin biyu suka haɗu a jihar Maryland, kusa da wani ƙaramin gari, Sharpsburg. Akwai wani rafi a wurin, sunansa Antietam, shi ne aka sa wa faɗan sunansa. Ƙasa ce ta manoma. Masara ta nuna, kaka ta ƙarato. Aka fara harbi da asuba, ba a daina ba sai faɗuwar rana. Cikin awa 12, soja wajen dubu 23 suka mutu, ko suka ji rauni, ko suka ɓata. Waɗanda suka mutu a ranar sun fi dubu 3 da ɗari 6.

Shaidar babban soja

Janar Joseph Hooker na Arewa shi ya ja sojan da suka faɗa gonar wani manomi, David Miller. Gonar masara ce mai kamar hekta 10. Cikin rahotonsa Hooker ya ce harsashi ya sare karan masarar mafi yawan gonar, sai ka ce da wuƙa aka yanke. Ya ce gawawwaki suna kwance layi-layi, yadda masu su suka tsaya. Rahoton ya faɗi inda aka ɗora igwa da inda aka kai hari. Amma damuwar janar ita ce soja. Abin da iyalin mai gona za su ci bai shiga lissafinsa ba.

Shaidar masu jinya da mai hoto

Wata mace, Clara Barton, ta iso wurin da amalanke cike da kayan jinya. Ta tarar ƙyallen ɗaure rauni ya ƙare wa likitoci, har suna ɗaurewa da ɓawon masara. Ita da kanta ta ba da labarin wani soja da take ba ruwa. Harsashi ya ratsa hannun rigarta, ya kashe shi nan take. Wani likita, James Dunn, shi ma ya rubuta wa matarsa wasiƙa, ya faɗi irin taimakon da matar nan ta yi. Shaida biyu ke nan a kan aikinta.

Kwana 2 bayan faɗan wani mai hoto, Alexander Gardner, ya zo ya ɗauki gawawwakin tun ba a rufe su ba. A watan Oktoba aka baje hotunan a birnin New York. Mutanen birni, da suka saba jin yaƙi a jarida, suka gan shi da idonsu.

Shaidar manomi

Ran 18 ga wata da dare sojan Kudu suka janye, suka ƙetare kogin Potomac. Sojan Arewa kuwa suka zauna a yankin wajen mako 6. Nan ne wahalar masu gona ta soma. Dubban soja da dawakinsu suna bukatar abinci da itacen wuta. Aka cinye hatsi da ciyawar da aka tara. Aka yanka bisashe. Aka ƙone shingen gonaki. Gidaje da rumbuna da ɗakunan ibada suka koma asibiti.

Wani magidanci, William Roulette, gonarsa tana tsakiyar fagen faman. Ya kai iyalinsa nesa, ya komo ya ɓuya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Yana da amyar zuma a bayan gida. Sojan da suka ratsa ta wurin sun ba da labarin yadda harbi ya tarwatsa amyar, zuma ta bi su da harbi ita ma.

Da ƙura ta lafa, Roulette ya zauna ya rubuta asararsa ɗaya bayan ɗaya, don neman diyya wajen gwamnati. Ya sa kayan ɗaki, da tufafi, da abinci, da amfanin gona, da shinge. Ya kuma rubuta cewa an rufe soja 700 cikin gonarsa. Abin da aka biya shi kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma asarar da ba ta da diyya. Cuta ta shiga yankin bayan faɗan. A watan Oktoba ƙaramar ɗiyarsa ta rasu, ba ta cika shekara 2 ba.

Maƙwabcinsa Samuel Mumma ya gudu da iyalinsa kafin a fara. Sojan Kudu suka sa wa gidansa wuta, don kada maharban Arewa su laɓe ciki. Da ya nemi diyya, aka hana shi. Dalili: gwamnati ba ta biyan ɓarnar da abokan gaba suka yi. Iyalin suka yi sanyin shekarar a gidan aro, suka sake gini a 1863.

Wasiƙa bayan shekara 44

A 1906 wani tsohon sojan Kudu, James Clark, ya aika wasiƙa ga shugaban gidan waya na Sharpsburg. Ya ce yana cikin waɗanda suka ƙone gidan, kuma abin yana damunsa. Ashe shugaban gidan wayar ɗan Mumma ne. Ya mayar da amsa, ya faɗi yadda suka rasa kusan duk abin da suka mallaka. Sa'an nan ya ce sun san umarni aka ba shi, ya bi.

Abin lura

Kwana 5 bayan faɗan, shugaban ƙasa Abraham Lincoln ya ba da sanarwar ƴanta bayin da ke jihohin da suka ɓalle, daga ran 1 ga Janairu 1863. Wannan babban alheri ne, kuma shi littattafan tarihi suka fi ambata. Amma mai son sanin abin da aka biya a kansa, sai ya haɗa shaidun nan duka. Janar ya ga layin soja. Mai jinya ta ga rauni. Mai hoto ya ga gawa. Manomi shi ya zauna da gonar bayan kowa ya tafi, kuma da bai rubuta ba, da ba a san ƙididdigar asararsa ba. Allah ya tsare gonaki da garkuna daga irin wannan rana. Sai wata mai zuwa.